Awa Huɗu a Takarda

Shekara ashirin da shida ina jan citta
daga Kachia zuwa sito a Kakuri,
ba wanda ya taɓa tambaya ta komai
sai, "Tanimu, ina nauyin buhu biyu?"
Ƙarshen wata a zabtare a albashi.

Bana kamfani ya ƙulla da jami'a.
Manya suka sa hannu, aka yi hoto, aka sha lemo.
Rabona a cikin yarjejeniyar
wani siririn yaro ne, Yashim,
da jaka a baya da kwamfuta kamar faranti,
wai zai bi ni ya auna hanya.

Lissafinsa ya ce awa huɗu.
Na ce to.
Na zuba ruwa a lagireto.

A Kachia raɓa ta kwana a kan shanya,
matan suka ce sai rana ta take tsaka.
Muka zauna gindin ɗorawa muna jiran rana.
Ya duba allonsa, babu gurbin raɓa.
Sai ya ari sikelin wani dillali,
ya auna buhu uku, ya shafa musu jan fenti,
ban ce masa don me ba,
na ɗauka wasan 'yan boko ne.

Katako mai ƙusa ya tare mu sau goma sha ɗaya,
kowanne da rasit, kowane rasit da launinsa.
Ya ce, "Baba, wannan a wane layi zan sa shi?"
Na ce, "Sa shi a layin haƙuri."
Bai yi dariya ba. Ya buɗe sabon layi.

Gab da Kujama tayar baya ta yi bindiga.
Mai faci ya tafi suna.
Yaron ya riƙe mini jak har tafinsa ya yi bororo,
ƙamshin citta na fita ta ƙarƙashin tamfol
kamar motar ce ke zazzaɓi.

Bayan isha muka shiga Kakuri,
Barau mai sito ya daɗe da kulle ƙofa.
Muka kwana ƙarƙashin mota, sauro na karɓar nasa haraji.

Da safe ya ce a sauke masu jan fenti tukuna.
Ya ɗora na farko. Ya rubuta.
Na biyu. Na uku.
Ɗinki bai motsa ba, bakin buhu yadda aka ɗaure,
amma kowanne ya rame.
Ya ninka a kan lodin duka, ya juyo mini da allon:
buhu biyu, har da ɗoriya.
"Ruwa ne, Baba. A hanya ta ƙarasa bushewa."

Barau ya sunkuya yana gyara takalmin da bai kwance ba.
Ni kuwa na zaga bayan mota
na daɗe ina duba tayar da na san lafiyarta lau.

Wata biyu bayan nan Dakta Maikarfi ta aiko a kira ni.
Ɗalibai sun fi tamanin, fanka ɗaya ke juyawa.
Ta miƙo mini alkalamin allo,
ni da na tsaya a aji huɗu na firamare.
Na zana hanya yadda ƙugu na ya san ta:
nan rami, nan ƙusa, nan gadar da ba a hawa da gudu.
Suna rubutawa. Wallahi suna rubutawa.

Yanzu ana auna laima kafin lodi,
da wani ƙarfe da ake soka wa buhu.
Takardar kamfani ta koma awa tara.

Na tambayi manaja kuɗin shekara ashirin da shida.
Ya ce bincike gaba yake kallo.

Yashim ya aiko mini da kundinsa, mai baƙin bango.
Sunana na shafi na uku, an rubuta shi daidai.
Yana nan a aljihun ƙofar mota,
tare da sifana da rasit na jiya,
ya fara ƙamshin citta.